Bel ya kama hannun ƙanena a injin shinkafa, yanzu ina muka dosa?

Wani bawan Allah daga Rigasa ne ya aiko da wannan tambaya. Ƙanensa ɗan shekara 22 yana aiki a wurin gyaran shinkafa. Mako uku ke nan, wuta ta ɗauke, yaron ya zura hannu zai zaro ɓuntun da ya toshe injin, sai wani ya tayar da janareta, bel ya fizgi hannunsa na dama. Yatsu biyu sun karye, jijiyar ɗaya ta tsinke, an yi masa aiki a asibiti an ɗaure hannun a kan abin tallafi. Yanzu tsofaffi a gida sun ce a kwance a kai shi wurin mai ɗori, tunda yatsun sun fara sandarewa. Maigidan ya biya kuɗin asibiti, ya ce magana ta wuce, yana jiran yaron ya dawo bakin aiki. Shi kuwa yaron ko ƙarar injin markaɗe ya ji a unguwa sai jikinsa ya ɗauki rawa. Mai tambaya yana son sanin abin da ya kamata su yi.

Malam, sannunku da jinya. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Ni asalina bakaniken injin masaƙa ne. A Kakuri na koyi aiki, tun lokacin da in an tashi daga aikin safe kekunan ma'aikata ke cika titi har mota ta rasa hanya. Da masaƙu suka durƙushe na koma aikin kula da lafiyar ma'aikata, a masana'antu da wuraren 'yan kwangilar hanya. Na sha raka masu rauni asibiti, na zauna da likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi na asibiti, na kuma ga yadda hannayen nan suka koma bayan shekara guda. Da wannan idon zan amsa maka, kuma zan fara da abin da ba ya jira.

Kada ku kwance hannun nan, kada ku kai shi ɗori. Ba raini nake yi wa masu ɗori ba, sana'ar gado ce, kuma karaya mai sauƙi da yawa ta haɗe a hannunsu. Amma ciwon ƙanenka ba na ƙashi kaɗai ba ne. Jijiyar da ke lanƙwasa yatsa kamar wayar birkin babur take a cikin bututunta: daga tsintsiyar hannu ake jan ta, ta zame a cikin wani siririn kube, yatsa ya naɗe. Ta tsinke, likita ya haɗa bakinta biyu da zare. A mako na uku zaren nan ne kusan kaɗai ke riƙe da ita, naman jijiyar bai gama kamawa ba. Aikin mai ɗori kuwa ja ne da murza da miƙarwa. Ja ɗaya mai ƙarfi ya isa ya ɓalle ɗinkin, kuma aiki na biyu ba kasafai yake kyau kamar na farko ba. Sannan ga ɗaurin karare da ake tamkewa a kan hannu mai kumburi. Jini ya kasa wucewa, mai ciwo yana kukan zafi ana ce masa ya daure magani ne ke aiki, bayan kwana biyu zafin ya lafa a yi ta hamdala, alhali naman ne ya mutu. Likitocin ƙashi a ƙasar nan sun daɗe suna kokawa cewa irin wannan ɗauri yana cikin manyan dalilan da ke sa a yanke hannu ko ƙafa, musamman na yara.

Tsofaffin naku ba su yi kuskure ba da suka tsorata da sandarewar. Ita ce babbar abokiyar gabar hannu bayan rauni. In jijiyar da aka ɗinke ba ta motsa ba, sai ta manne da kubenta, yatsa ya tsaya ƙyam kamar ice. In an motsa ta da ƙarfi kuma ta ɓalle. Tsakanin waɗannan biyun akwai wata 'yar siririyar hanya, kuma masu gashi na asibiti, waɗanda ake kira fisiyo, su suka san ta: wane motsi ake yi a wane mako, sau nawa a yini, wanne ake yi da taimakon ɗaya hannun, wanne aka hana. Akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Barau Dikko, akwai a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, in kuma abu ya buƙaci ƙwararrun ƙashi sosai ga asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ka koma wurin likitan da ya yi aikin cikin makon nan, ka ce masa a fili yatsun suna sandarewa, ka nemi ya rubuta muku takardar zuwa gashi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yatsan da aka bari wata uku bai motsa ba, sai an sha wahala, wani lokaci sai an sake tiyata.

Mutanenmu suna da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi: da zarar an cire zare, fata ta haɗe, sai a ce an warke, a daina komawa asibiti. Kuɗin mota, layi, ga aikin gida. Na fahimta. Amma fata ita ce ta farkon warkewa, ita ce kuma mafi ƙarancin muhimmanci. Ƙashin yatsa kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya haɗe. Jijiya kuwa sai ta kai wajen mako 12 kafin a yarda ta ɗauki aiki mai nauyi. Saboda haka maganar ya koma ɗaga buhu mai kilo 50 a yanzu ba ta taso ba. Ko babur kada ya tuƙa, domin da wannan hannun ake matse birki. Na ga saurayin da ya kiyaye komai har mako biyar, rannan bokitin ruwa zai suɓuce wa mahaifiyarsa ya cafke da hannun ciwo, ya ji wani ɗan ɗas a tafin hannu, yatsa ya daina naɗewa. In haka ta faru a ranar ake komawa asibiti, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

Haka nan in zafi yana ƙaruwa magani ba ya kashe shi, ko yatsu suka yi sanyi, suka yi fari fat ko suka fara baƙi, ko ya daina jin su, ko wurin ya fara wari yana zubar da mugunya, ko zazzaɓi ya shigo. Ko tsakar dare ne a tafi.

A gida, ya riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji, in zai kwanta a jera masa filo. Hannun da ke rataye ƙasa kumbura yake yi, kumburi kuma shi ke haifar da sandarewa. Ya riƙa juya kafaɗa da gwiwar hannu kullum don kada su ma su kama. Ya ci wake, ƙwai, kifi, nono, awara, gyaɗa, abin da ya sawwaƙa. In yana shan taba ya ajiye, domin tana matse ƙananan hanyoyin jini, ƙashi da jijiya su yi nawar haɗewa. Ka sa ido kan maganin kashe zafi. Ba zargin ƙanenka nake yi ba, amma na san samari da yawa da suka fara tiramol a gadon jinya, ciwo ya warke ƙwaya ba ta tafi ba. Abin da likita ya rubuta, na kwanakin da ya rubuta, shi ke nan.

Rawar jikin da yake yi in ya ji ƙarar inji ba ragwanci ba ne, ba kuma aljanu ba ne. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga mafi yawan mutane abin yana raguwa da kansa cikin 'yan makonni, in an bar su su ba da labarin abin da ya faru ba tare da an ce musu “kai ba namiji ba ne?” In ya wuce wata guda yana firgita cikin barci, yana mafarkin injin, yana ƙin fita, a kai shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Asibitin gwamnatin tarayya da ke Barnawa ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne, suna duba irin wannan. Wanda aka tilasta wa komawa gaban inji hankalinsa a tashe, shi ne mai rauni na gaba.

Yanzu maganar maigida da ya ce magana ta wuce. Ya kyauta da ya biya asibiti, wasu ko gaisuwa ba sa zuwa. Amma a doka ba nan ta tsaya ba. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar gwamnati mai kula da asusun diyyar ma'aikata, ke gudanarwa. Mai ɗaukar ma'aikata shi ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a asusun, kuma an haramta masa cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Dokar ta ƙirga mai aikin wucin gadi, da lebura na yini, da ɗan koyo, ko da yarjejeniyar baki ce ba takarda. Ba ta kuma tsayawa binciken laifin wa ne kafin a biya, muddin a bakin aiki abin ya faru. Ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da maigidansa, maigida yana da kwana 7 ya kai rahoto hukumar, neman diyya kuma cikin shekara guda ake shigar da shi. Kun wuce kwana 14, amma tunda maigidan ya san da hatsarin har ya biya asibiti, dokar ta bar ƙofa ga irin wannan. Duk da haka ku rubuta masa takarda yau: rana, lokaci, wuri, yadda abin ya faru, wa ya gani. Ku riƙe kwafi. Wanda ya nakasa gaba ɗaya, kashi 90 cikin 100 na albashinsa ake ba shi duk wata, wanda ya rasa wani sashe kuma gwargwadon abin da likitoci suka auna. Kuma duk wata yarjejeniya da ma'aikaci zai sa hannu cewa ya yafe wannan haƙƙi, dokar ta ce ba ta da ƙarfi.

Wannan a takarda ke nan. A ƙasa kuwa, ƙananan wuraren aiki irin wannan da wuya ka samu sun yi rajista. A zamaninmu ma'aikacin masaƙa yana da ƙungiya a bayansa, mai hedikwata a nan Kaduna, wadda Adams Oshiomhole ya yi wa babban sakatare kafin ya hau shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 1999. Yatsa ya tsinke da safe, kafin azahar wakilin ƙungiya yana ofishin manaja. Ƙanenka ba shi da wannan, kai ne ƙungiyarsa. Shawarata ka je ofishin NSITF na Kaduna da takardun asibiti ka ji matsayin wurin aikin. Akwai kuma ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya mai masu duba masana'antu, kuma dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a kai musu rahoton duk hatsarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki sama da kwana 3. In abu ya ƙi, akwai kotun ma'aikata a Kaduna, akwai lauyoyin gwamnati masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Amma na san mu, yawanci a zauren mai unguwa ko gaban shugabannin kasuwa ake kashe irin wannan magana, kuma sulhu alheri ne. Abu ɗaya nake roƙonka: kada a rufe magana kafin likita ya faɗi iyakar inda hannun zai tsaya. Wanda ya karɓi 'yan kuɗi a mako na uku ya ce ya yafe, a wata na shida aka ce sai an sake aiki, kunya ba za ta bar shi ya koma ba. A rubuta cewa maigida zai ci gaba da ɗaukar kuɗin gashi da magani da wani abu na cefane har a sallame shi, da shaidu. Kowane rasiti, kowane hoton ƙashi, kati, a tara su a leda ɗaya.

Bari in zo kan injin, domin nan ne gidana.

Za ka ji ana cewa tsautsayi ne, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma wanda ya koyar da mu ƙaddarar shi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Abin da ya sami ƙanenka na gan shi da idona a wata masaƙa da na yi aiki: wuta ta ɗauke, ɗakin ya yi tsit, wani abokin aikinmu ya ce bari ya yi amfani da damar ya tsince audugar da ta naɗe a rola. Can gefe mai janareta yana aikinsa, bai san da kowa ba. Har yau in wuta ta ɗauke a wurin aiki gabana faɗuwa yake yi. Inji mai ruri kowa yana kaffa-kaffa da shi. Wanda ya yi shiru shi ke cin hannu, domin shirun nan ba mutuwa ba ne, jira yake yi. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini kuma, wannan tarkon kullum a ɗane yake.

Maganinsa biyu ne, kuma duka ba su kai kuɗin jinyar hannu a asibiti ba. Na farko kwaɗo. Duk wanda zai sa hannu cikin inji, don gyara ne, shara ce, ko cire abin da ya toshe, ya sauke babban makunnin wuta, ya rataya kwaɗonsa, ya sa mabuɗin a aljihunsa. Nasa, ba na maigida ba. In su uku ne, kwaɗo uku. Sannan ya danna maɓallin kunnawa ya tabbatar injin bai amsa ba, ya kuma jira komai ya daina juyawa, don gargare mai nauyi yana ci gaba da gudu bayan an kashe. “Na gaya wa yaro kada ya kunna” ba kwaɗo ba ne. Yaro yana zuwa salla, wani ya zo bai ji ba. Na biyu, a sa wa injin abin da masu gyaran wuta ke kira sitata ko kontakta, mai maɓalli kore da ja. In wuta ta ɗauke sai ya saki da kansa, ko an dawo da ita injin ba zai tashi ba sai mutum ya danna koren. Yawancin ƙananan injinan gari kai tsaye aka haɗa su da makunnin hannu, shi ya sa wuta na dawowa suke zabura. Da akwai sitata a wurin nan, da mai janareta ya tayar da abinsa ba abin da zai faru.

Sai murfin bel. Na tabbata in ka je za ka tarar ba shi, ko yana jingine a bango tun ranar da aka canja bel aka ce “anjima a mayar”. Dokar 1987 ɗin nan ta wajabta a killace duk wani sashe na inji mai haɗari. Kowane mai walda a Panteka zai haɗa maka shi da raga da 'yan ƙarafa a yini guda. Inda bel ke hawa gargare, inda rola biyu suka haɗu, inda sarƙa ke hawa haƙora, nan ne bakin inji, kuma ya fi hannun mutum sauri nesa ba kusa ba. Masu cewa “shekarata goma ina cirewa yana gudu” su ne na fi raka wa asibiti. Sabo turken wawa.

Tufafinmu ma sai an faɗa. Kaftani, jallabiya, hannun riga mai faɗi, rawani, ba na gaban inji ba ne. Zoben azurfa yana iya saɓule naman yatsa kamar an cire safa. Safar hannu tana da amfani wurin ɗaukar ƙarfe, amma a gaban abin da ke juyawa, kamar injin huda ko na gyaran ƙarfe, ita ke fara kamawa ta ja hannun ciki. Ku kuma gaya wa mata da 'yan mata masu zuwa niƙa da markaɗe: hijabi da gyale suna shiga bel, su shaƙe wuya ko su tafi da fatar kai. A tsaya nesa, a miƙa roba daga gaba. Yara kuwa, dokar ƙwadago ta hana sa wanda bai kai shekara 16 ba aikin inji, ko da ɗan maigida ne.

Tunda samarinmu yau suna injin shinkafa gobe suna wurin kwangila, bari in taɓa manyan injina. Direban katafila, ko eskabeta mai haƙa rami da bokiti, ko tifa, akwai wurare da yawa kewaye da shi da ba ya gani ko kaɗan. In ba ka ga idonsa ba, kai tsaye ko ta madubi, shi ma bai gan ka ba. Ba a matsawa kusa da eskabeta sai direba ya ajiye bokiti a ƙasa ya ɗaga hannuwansa daga sandunan tuƙi. Mutane suna kallon bokitin, su manta da gindin injin da ke juyowa ta baya ya matse mutum da bango. Mai ba da hannu mutum ɗaya ne, ba kowa ya yi ta “zo, zo, tsaya” ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne barcin rana a inuwar tifa ko katafila, musamman a zafin Maris da Afrilu, ko cikin azumi. Direba ya dawo daga cin abinci ya murza mabuɗi. Duk direban da na horar sai ya zagaya motarsa da ƙafa ya leƙa ƙarƙashi kafin ya hau, ko minti biyar ya yi da sauka.

Bayan tifa da aka ɗaga, ko bokitin da ke sama, mai ne kawai ke riƙe da su. Tiyo ɗaya ya fashe, sun sauko. Ba a shiga ƙarƙashi sai an tokare da ƙarfe. Haka motar da ke kan jak, kuma bulon siminti ba abin tokara ba ne, rugujewa yake yi ba sallama. Wannan saƙo ne ga 'yan'uwana kanikawan Kurmin Mashi. Kada a shafa tiyon haidirolik da hannu ana neman inda yake yoyo, a kara kwali. Ƙarfin man da ke cikin tiyon eskabeta ya ninka iskar tayar mota fiye da sau ɗari, yana huda fata ya shige cikin nama. A waje ɗan ɗigo za ka gani kamar cizon sauro, a ciki kuwa man yana kashe nama, kuma tiyatar gaggawa yake buƙata a ranar. A duba sama kafin a ɗaga bayan tifa. In ta taɓa wayar wuta direba ya zauna a ciki, kowa ya ja baya. In gobara ta tilasta masa fita, ya yi tsalle ƙafa biyu a haɗe ba tare da ya taɓa mota da ƙasa lokaci ɗaya ba, ya ja ƙafa a hankali ya yi nisa. Ramin kwalbati ko na ɗiban yashi da ya wuce ƙirjin mutum, da damina, kabari ne in ba a tokare gefensa ba. Ƙasa mai mita ɗaya ta kowace fuska ta kai nauyin ƙaramar mota.

In abu ya riga ya faru, minti goman farko suna hannun abokan aiki. A kashe injin tukuna. A danne wurin jini da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa dannewa ta kasa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, ba waya ko roba ba, a murɗa da sanda har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin, kada a sassauta sai a asibiti. Ba man birki, ba fetur, ba baƙin mai, ba toka, ba ƙasa. Ƙuna ruwa mai sanyi take so na minti 20, ba ƙwai ko man goge baki ba. In yatsa ya guntule a ɗauko shi, a naɗe da ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Ba kowane ake iya mayarwa ba, musamman wanda inji ya murƙushe, amma likita ne zai yanke wannan hukunci. Kada a ba mai rauni abinci ko ruwa, wataƙila za a shiga da shi tiyata. Wanda ya faɗo daga sama ko abu ya daki bayansa ba a naɗe shi a cusa cikin keke, a kan katako ake ɗaukarsa a miƙe, wani yana riƙe da kai. Wanda abu mai nauyi ya danne na tsawon lokaci, ko da ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti. Tsokar da ta murƙushe tana sakin dafin da ke kashe ƙoda, alamarsa fitsari ya koma kalar shayi. A tabbatar an yi allurar sarƙe-haƙora. Lambar gaggawa 112 ce.

Akwai kuma raunin da ba ya zubar da jini. A ƙiyasin da ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta fitar a 2023, kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara ta dalilin aiki, kuma mafi yawansu cuta ce ta kashe su ba hatsari ba. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar wurin tana cin kunnenka, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Tsofaffin abokan aikina na masaƙa, da yawansu sai ka yi musu ihu. Ƙurar dutse a wurin fasa duwatsu tana sandarar da huhu, ta buɗe wa tarin fuka ƙofa. Muna da cibiyar kunne ta ƙasa da cibiyar ido ta ƙasa duka a garin nan, amma abin toshe kunne da takunkumi da tabarau sun fi su araha.

Kafin ƙanenka ya sake taka wurin nan, bayan likita da mai gashi sun ba da izini, ka je da kanka. Ka tafi da mutunci, ka gaida maigida, ka yi masa godiyar abin da ya yi, sannan ka ce kana son ganin injin. Ka duba ko an mayar da murfin bel. Ka ce a sauke wuta a mayar a gabanka, ka ga ko injin zai tashi da kansa. Ka tambaya ina ake rataya kwaɗo. In ya ce ba kuɗi, ka tuna masa nawa ya biya a asibiti. In ya gyara, yaron ya fara da aiki mara nauyi, awo ko rubuta buhuna ko karɓar kuɗi, rabin yini, yana matsawa kusa da injin a hankali gwargwadon yadda zuciyarsa ta kwanta. In ya ƙi gyarawa, ku nema masa wani wurin, kuma ka faɗa wa iyayen sauran yaran da ke can abin da ka gani.

A gaishe shi da jiki.